Abin Da Gashin Asibiti Ke Yi Wa Fatar Mai Ciwon Dajin Nono



In Bahaushe ya ji an ce gashi, abin da ke faɗo masa a rai shi ne tsire a bakin wuta, ko masara a kan garwashi. Saboda haka ba abin mamaki ba ne in gaban mace ya faɗi ran da likita ya ce mata, "An gama aiki lafiya, saura gashi." A unguwarmu ta Ƙofar Marke, da sauran unguwannin cikin garin Sakkwato, sau da yawa akan ji mata suna zance a gidan suna ko gidan biki suna cewa wance an kai ta asibiti inji ya ƙone mata ƙirji. Irin wannan zance yakan sa wata ta ƙi zuwa gashin sam, wata kuwa ta fara, da ta ga fatarta ta soma baƙi sai ta tsere. Nufina a wannan rubutu shi ne in bayyana abin da ke samun fata a lokacin gashi, da dalilinsa, da yadda ake kula da ita, domin Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu.

Me Ya Sa Ake Gashi Bayan An Yi Aiki?

Ciwon dajin nono ya zama ruwan dare a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 an sami mata wajen miliyan 2.3 da wannan ciwo, kuma kimanin 670,000 suka rasu ta dalilinsa. A Nijeriya shi ne ciwon dajin da ya fi kama mata. Maza ma sukan kamu da shi, sai dai ba su da yawa.

Likita yakan yanke ƙullutun da ke cikin nono, ko kuwa ya cire nonon ɗungurungum, gwargwadon girman ciwon. Amma wuƙa tana cire abin da ido ya gani ne kawai. Kowane manomi ya san halin ƙuduji. Ko ka bi gona ka tumɓuke shi kakaf, irinsa mai kama da ƙura yana nan kwance cikin ƙasa, da damina ta kewayo sai ya sake tsirowa. To, haka ƙwayoyin ciwon daji suke. Waɗansu 'yan ƙanana sukan rage a inda aka yi aikin, ko a hamata, kuma aikin gashi shi ne ya kashe su tun ba su sake tsirowa ba.

Amfanin wannan ba zato ba ne, an auna shi. A shekarar 2011 masana a Jami'ar Oksfod ta Ingila suka tattara labarin mata fiye da 10,000 waɗanda aka cire musu ƙullutu aka bar musu nono. Cikin shekara 10, ciwon ya komo wa 35 daga cikin kowace 100 da ba a yi wa gashi ba. Waɗanda aka yi wa kuwa, 19 ne cikin 100. Watau gashi ya rage komowar ciwon da kusan rabi.

Mene Ne Gashin?

Babu wuta a cikinsa, babu garwashi, babu ƙarfe mai zafi. Wani irin haske ne mai ƙarfi wanda ido ba ya gani, ɗan'uwan wanda ake ɗaukar hoton ƙirji ko na karaya da shi, sai dai ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Wani Bajamushe mai suna Rontgen ne ya gano hasken ɗaukar hoton a shekarar 1895. A 1898 kuma Mari Kuri da mijinta Piyer Kuri suka gano wani sinadari mai suna radiyam a birnin Paris na ƙasar Faransa. Abin sha'awa shi ne, fata ce ta fara nuna wa masana cewa irin wannan haske yana iya magani. A 1901 Piyer Kuri ya ɗaura radiyam a hannunsa har awa 10 da gangan, don ya ga abin da zai faru. Wurin ya yi ja, daga baya ya zama gyambo wanda ya daɗe bai warke ba. Irin wannan gwaji ya ƙarfafa wa likitoci tunanin cewa abin da ya iya kashe naman jiki mai lafiya zai iya kashe mugun nama, in an auna shi daidai.

Yau injunan sun sha bamban da na zamanin da. An ƙera su yadda ƙarfin hasken zai fi sauka a can ƙarƙashin fata, don haka lahanin da suke yi wa fata bai kai na injunan farko ba. A nan Sakkwato akwai sashen gashi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, inda marasa lafiya ke zuwa har daga Kabi da Zamfara. Akwai irinsa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika kusa da Zariya, da Asibitin Ƙasa na Abuja. A shekarar 2025 kuma aka buɗe sabuwar cibiya a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina.

Ba a fara gashi sai ɗinkin aiki ya warke. Da farko za a ɗauki hoton ƙirji, a auna wurin, a yi wa fata 'yan alamu da tawada. Sa'an nan kullum mace za ta zo ta kwanta a kan gado, ta ɗaga hannu sama da kanta, inji ya kewaya ya haska wurin na 'yan mintoci, ta tashi ta koma gida. A lokacin ba ta jin zafi, ba ta jin komai. Yadda ake awon hatsi da mudu, haka ake awon wannan haske da wani ma'auni mai suna gire. Tsohon tsari shi ne gire 50 a raba shi kwana 25, watau mako 5, daga Litinin zuwa Jumma'a. Akwai kuma gajeren tsari na gire 40 cikin kwana 15. Likita ne ke zaɓen wanda ya dace da kowace mace. Dalilin rarrabawar shi ne, naman jiki mai lafiya yakan gyara kansa tsakanin yau da gobe, alhali kuwa ƙwayoyin ciwon daji ba su iya gyara kansu sosai ba.

Me Ya Haɗa Gashi Da Fata?

Hasken ba shi da wata ƙofa da zai shiga jiki sai ta fata. Ita kuwa fatar ɗan Adam ba ta zauna wuri ɗaya ba. A ƙarƙashinta akwai wani shimfiɗi na ƙwayoyin halitta waɗanda kullum suke haihuwar sababbi. Sababbin suna turo tsofaffi sama, tsofaffin suna mutuwa suna kakkaɓewa ba mu sani ba. Tafiyar ƙwaya daga ƙasa zuwa sama takan ɗauki kamar mako 4. Shi kuma hasken gashi ya fi cutar da ƙwayoyin da ke yawan haihuwa. Abin da ya sa yake cin ciwon daji ke nan, kuma abin da ya sa yake taɓa wannan shimfiɗi na fata ke nan.

Misalin abin kamar gona ne da rumbu. In fari ya ɓata gona, mutanen gida ba su jin yunwa a ranar, domin akwai tsohon hatsi a rumbu. Sai rumbu ya yi ƙasa tukuna yunwa ke bayyana. Haka nan ko ruwa ya dawo, yunwa ba ta tafiya nan take, sai sabon hatsi ya nuna. Fatar da muke gani ita ce rumbu, shimfiɗin ƙasa shi ne gona. Saboda haka a makon farko mace ba ta ganin komai. Sai wajen kwana 10 zuwa 14 canji ke farawa. Kuma abin da ke ruɗa mutane ƙwarai shi ne, fatar takan fi tsananta ne mako ɗaya ko biyu bayan an gama gashin baki ɗaya. Mace ta koma gida tana murna, sai ta ga wurin ya ƙara baƙi, ta ɗauka ciwon ne ya komo. Alhali kuwa rumbu ne ya yi ƙasa, sabon hatsi yana tafe.

Matakan Canjin Fata

Mafi yawan matan da aka yi wa gashin nono sukan ga wani canji a fatarsu, amma ba duka ne abin ke tsananta musu ba. Kuma canjin ba ya wuce iyakar inda hasken ya bi. Gashin nono ba ya zubar da sumar kai. Mai zubar da suma shi ne maganin ƙarin ruwa na ciwon daji, wanda shi daban ne. Gashin hamata dai yana iya zubewa in an haska hamatar.

Mataki na farko shi ne canjin launi. Yawancin littattafan likita an rubuta su ne a ƙasashen Turawa, don haka sukan ce fata tana yin ja. A jikin baƙar fata jan ba ya fitowa sosai. Abin da ake gani shi ne wurin ya fi sauran jiki duhu, domin hasken yana zaburar da ƙwayoyin da ke ba fata launi. Tare da haka akan ji ɗumi, da ƙaiƙayi, da ɗan kumburi, da ɗaurewar fata. Tun da ja ba ya nunawa a jikinmu, wajibi ne mace ta buɗe baki ta gaya wa nas abin da take ji, kada ta jira sai an gani.

Mataki na biyu shi ne bushewa. Fatar takan yi furu-furu tana ɓarewa kamar ƙafar da hunturu ya buga, ƙaiƙayi kuma ya ƙaru, domin hanyoyin gumi da na maiƙon fata sun rage aiki.

Mataki na uku, wanda ba kowa ke kai gare shi ba, shi ne saɓulewa. Fatar sama takan saɓule, wurin ya yi ɗanye yana tsattsafo da ruwa, yana raɗaɗi. Ya fi faruwa a inda fata ke gugar fata kuma gumi ke taruwa, watau ƙarƙashin nono da cikin hamata. Wannan shi ne abin da mutane ke kira ƙuna. Yana warkewa in an kula da shi, galibi cikin 'yan makonni bayan an gama gashi.

Abin ya fi tsananta ga mai manyan nonuwa, da mai ƙiba, da mai ciwon sukari, da mai shan taba, da wadda ba ta samun abinci mai gina jiki. Wadda aka cire wa nono ɗungurungum ma takan fi ganin canji, domin wani lokaci likita yakan shimfiɗa wani abu mai taushi a kan ƙirjin da gangan don hasken ya kama fatar sosai, tun da ciwon yakan so komowa ta bakin tabon aiki.

Abubuwan Da Za A Guje Wa

A nan ne al'adunmu da yanayin garinmu suka shigo. Sakkwato gari ne mai zafi, a watan Afrilu ma'aunin zafi yakan haura 40, ga gumi, ga kuma hunturu mai busar da jiki in lokacinsa ya zo. Fatar da ake gasawa ba ta jure ko ɗaya.

Abu na farko shi ne zafi. Mun saba in wuri na ciwo a gasa shi da tsumma da ruwan zafi, ko a shafa man zafi. Wannan haɗari ne a nan. Kada a yi wanka da tafasasshen ruwa irin na jego, kada a yi sirace, kada a tsuguna kan turaren wuta, kada a daɗe a bakin murhu. Ƙanƙara ma ba a ɗora ta a wurin. Rana kuma kada ta doki wurin kai tsaye.

Na biyu shi ne guga. Ɗaurin ƙirji yana bi ne daidai ta hamata da saman nono, inda fatar ta fi rauni. Goyo ma haka, domin nauyin yaro yana jan zane a kan wurin. Daka da surfe suna sa hannu ya yi ta gugar hamata. Rigar nono mai matsewa ko mai ƙarfe a ciki, da tufafin leda masu riƙe gumi, duk a ajiye su. Kada a dirje wurin da soso, kada a sosa da farce, kada a aske hamata da reza, kada a manna filasta a kan fatar.

Na uku shi ne shafe-shafe. Dilka, da halawa, da kurkum, da lalle, da humra, da lemun tsami a hamata, da man sa hasken fata, babu wanda ya kamata ya kusanci wurin. Haka nan toka, da kanwa, da garin sassaƙe, da ganyen da wata maƙwabciya za ta kawo da kyakkyawar niyya. Balle tsaga ko sakiya ko ƙaho. Fatar da ta saɓule ƙofa ce a buɗe, duk abin da aka barbaɗa mata yana iya shigar da ƙwayoyin cuta. Kada garin gyaran gira a rasa ido.

Abubuwan Da Za A Yi

Waɗansu sukan ce kada ruwa ya taɓa wurin har a gama. Binciken likitoci ya nuna wanka ba ya ƙara lahani, tsabta ma taimako take yi. A wanke wurin a hankali da tafin hannu, da ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu marar ƙarfi marar ƙamshi, sa'an nan a tsane shi da tsumma mai laushi ta hanyar dannawa, ba gogewa ba. A kula kada a wanke alamun tawada, domin da su ake daidaita inji. Alwala ba ta da matsala. In kuwa an rufe wurin da bandeji, sai a tambayi nas yadda za a yi wanka, a kuma tambayi malamai hukuncin shafa a kan bandeji, domin addini ya yi sauƙi a nan.

A sa riga mai yalwa ta auduga. In ana cikin ɗaki a bar wurin ya sha iska. A shafa mai marar ƙamshi wanda ma'aikatan sashen suka yarda da shi, kuma ko man kaɗe ne a nuna musu tukuna. In ƙaiƙayi ya yi yawa akwai man da likita ke rubutawa. In fata ta saɓule akwai irin bandejin da ba ya mannewa. A sha ruwa da yawa, a ci wake, da ƙwai, da kifi, da nono, da zogale, gwargwadon hali, domin da abinci jiki ke gina sabuwar fata. A riƙa motsa hannu yadda aka koyar a asibiti, don kada kafaɗa ta ƙage.

Akwai alamun da in an gan su ba a jiran ranar komawa: zazzaɓi, ko mugunya, ko wari, ko jini, ko kumburi mai yaɗuwa, ko raɗaɗin da ya hana barci. Waɗannan suna iya nuna cewa ƙwayoyin cuta sun shiga, sai a garzaya asibiti.

Babban abin da ya fi duka shi ne kada mace ta yanke gashi da kanta. An lissafa kwanakin ne daki-daki, in aka bar giɓi mai tsawo ƙwayoyin ciwon da suka rage sukan sami sararin farfaɗowa. In fata tana bukatar hutu, likita ne zai faɗa.

Bayan An Gama

Ɗanyen wuri yakan rufe cikin 'yan makonni. Duhun fata kuwa yakan ɗauki watanni kafin ya washe, a jikin waɗansu ma ba ya komawa daidai yadda yake da. Bayan watanni ko shekaru wata takan ji wurin ya ɗan yi tauri, ko ya rage gumi, ko ta ga siraran jijiyoyin jini sun bayyana. Wurin zai ci gaba da rashin son rana da zafi, don haka a ci gaba da lallaɓa shi. Wadda aka cire wa kaluluwar hamata ko aka haska mata hamatar, hannunta na wannan gefe yana iya kumbura, kuma gara a nuna shi da wuri. Duk wani sabon ƙullutu, ko gyambon da ya ƙi warkewa, a kai wa likita ya duba. Matambayi ba ya ɓata.

Namu Aikin

Akwai wata magana da ya kamata kowa ya ji da kyau. Hasken injin ba ya zama a jikin mace. Da an kashe inji shi ke nan, kamar yadda haske ba ya raguwa a ɗaki bayan an kashe fitila. Tana iya rungumar 'ya'yanta, ta ci abinci kwano ɗaya da kowa, ta kwana ɗaki ɗaya da mijinta. Ciwon dajin kansa ba a ɗaukarsa, canjin fatar ma ba a ɗaukarsa. Ware mata kwano ko tabarma zalunci ne wanda jahilci ya haifa.

Mu ɗalibai muna da abin yi in mun koma gida hutu. Mu karɓi daka da girki da goyon ƙanne daga hannun inna ko gwaggo ko yaya da ke zuwa gashi. Mu raka ta asibiti, mu rubuta mata abin da nas ta faɗa, mu karanta mata takardar magani. In wata ta zo da ƙullin gari ta ce a barbaɗa, mu ba ta haƙuri cikin ladabi, mu ce a bari a tambayi likita. Iyayenmu maza kuwa, ku ne ke ba da izini, ku ne ke biyan kuɗin mota da na magani. Mako 3 ko 5 na zirga-zirga da wuya, babu shakka, musamman ga wanda ya taso daga ƙauye, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, in dangi suka haɗa kai abin zai zo da sauƙi. Kuma kada duhun fata ya sa miji ya juya wa matarsa baya a lokacin da ta fi bukatarsa.

Daga ƙarshe ina roƙon duk wadda ta ji ƙullutu a nononta, ko ta ga fatarsa ta canza, ko wani ruwa na fita ba na shayarwa ba, ta je asibiti tun abin yana ƙarami. Fatar da gashi ya taɓa tana da gonar da za ta sake tsiro da wata, ciwon da aka bari ya bazu kuwa da wuya a shawo kansa. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinyarsu da alheri, amin.